Layin fomula a Excel: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Na daɗe ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a Birnin Kebbi, kuma tambayoyin nan daga bakin masu zuwa wurina na tattara su: malaman da ke haɗa sakamakon jarrabawa, sakatarorin ƙungiyoyin manoman shinkafa daga wajen Argungu da Suru, dillalan albasa na Aliero, da samarin da ke riƙe da shagon POS. Sunayen maɓallai na bar su yadda suke a fuskar kwamfuta, don haka za ka tarar da su. Kowane ɗan akwatin da ake rubutu a cikinsa kuwa “gida” nake ce masa, kamar gidan dara.

Wai mene ne layin fomula, kuma a ina yake?

Dogon farin fili ne da ke kwance tsakanin maɓallan sama da haruffan A, B, C na kan layukan tsaye. Excel, wato manhajar lissafin da muke magana a kai, na kiransa Formula Bar. Daga hagunsa akwai ɗan akwatin da ke faɗa maka adireshin gidan da kake ciki, misali D7, sai alamar fx. Da ka fara rubutu za ka ga alamomi biyu sun farka a gefen fx: gicciye na fasa abin da ka rubuta, da alamar maki ta amincewa da shi.

Aikinsa shi ne ya nuna maka ainihin abin da aka zuba a gida. Gidan zai iya nuna 450,000, amma idan ka danna shi layin fomula ya nuna =B2*C2, wato yawan buhuna sau kuɗin buhu ɗaya. Gida yana nuna amsa, layin fomula yana nuna hanyar da aka bi aka same ta. Shi ya sa nake hana ɗalibaina yarda da kowace lamba a takardar lissafin da wani ya turo musu sai sun danna ta sun ɗaga ido sama.

Malam, nawa ya ɓace gaba ɗaya. Ta yaya zan dawo da shi?

Kwamfutarka lafiya lau take, kuma ba sai an sake saka Office ba. Danna View a sama, ka nemi rukunin da aka rubuta Show a ƙarƙashinsa. Za ka ga ƙananan akwatuna: Gridlines, Headings, Formula Bar. Sa alamar maki a akwatin Formula Bar, nan take zai dawo. Cire alamar kuma shi ne ɓoye shi.

Ga mai son madannai: danna Alt ka saki, sannan W, sannan V, sannan F, ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Wannan na aiki a Excel na Windows. Akwai kuma doguwar hanya: File, Options, Advanced, ka gangara zuwa sashen Display, ka sa alama a Show formula bar. Duk hanyoyin uku makunni ɗaya suke taɓawa.

Na shiga View amma ban ga abin da ka faɗa ba, ko kuma ya dishe ba ya dannuwa.

Idan ya dishe, mafi yawa kana tsakiyar rubutu ne a wani gida. Excel na kulle yawancin maɓallansa muddin kana cikin gyaran gida. Danna Esc ka sake gwadawa.

Idan kuwa fasalin ne ya sha bamban, to tsohon Excel gare ka, kuma har yanzu ana samun su a ofisoshinmu. A Excel 2003 da waɗanda suka gabace shi, View jerin zaɓi ne mai saukowa, Formula Bar na cikinsa. A Excel 2007 babu File, sai wani zagayayyen maɓalli a kusurwar hagu ta sama, ta nan ake shiga Excel Options. Sannan 2007 da 2010 suna da Full Screen a ƙarƙashin View, wanda ke kwashe maɓallan sama da layin fomula a lokaci guda. Idan komai ne ya ɓace ba layin kaɗai ba, Esc ne maganinsa.

A fayil ɗaya na ɓoye shi, me ya sa ya ɓace a duk sauran?

Saboda wannan saitin na manhajar ne, ba na fayil ba. Idan ka cire alamar, Excel ɗin da ke kan wannan kwamfutar zai riƙe haka ko ka rufe ka sake buɗewa gobe, kuma kowane fayil ka buɗe haka zai fito. Gridlines da Headings da ke zaune kusa da shi a View ba haka suke ba: su suna bin shafin ne, ana adana su tare da fayil.

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, irin ta ofishin makaranta ko shagon buga takardu, mutum ɗaya zai cire alamar, wanda ya zo bayansa ya rasa ina aka nufa. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci: idan ka ɓoye layin a kwamfutarka ka tura wa wani fayil ta WhatsApp, shi a tasa kwamfutar layin na nan daram, yana ganin duk fomulolinka. Idan ɓoye fomula kake nufi, tsallaka zuwa tambayar da ke magana a kan hana mutane ganin lissafinka.

To akwai ma dalilin da zai sa mutum ya ɓoye shi?

Akwai, amma kaɗan ne. Idan laftof ɗinka ƙarama ce kana son ƙarin layi ɗaya ko biyu su bayyana, ko za ka haska takardar a bango wurin taron ƙungiya kana son idon jama'a ya tsaya a kan lambobi, ko hoton shafin za ka ɗauka. Ni dai ko a nan na fi son a danna Ctrl da F1, wanda ke naɗe maɓallan sama. Filin da za ka samu ya fi yawa, kuma layin fomula na nan. Wanda ke shigar da lissafin kuɗin mutane ba shi da dalilin aiki babu shi.

Fomulata doguwa ce, rabinta kawai nake gani.

Danna Ctrl da Shift da U a haɗe, layin zai buɗe ƙasa. Sake dannawa ya koma yadda yake. Ɗan kibiyar da ke ƙarshen layin daga dama ma aikin da take yi ke nan. Idan buɗewar ba ta isa ba, kai linzami bakin layin na ƙasa, idan ya zama kibiya mai kai biyu ka ja ƙasa gwargwadon bukatarka. Wannan damar ta zo ne da Excel 2007. Kafin nan doguwar fomula sauka take yi ta rufe gidajen sama.

Malaman da ke rubuta fomular ba da maki, A zuwa F, da IF cikin IF cikin IF, ga shawara: kana cikin layin, danna Alt da Enter kafin kowane IF. Kowane sharaɗi zai koma layinsa, fomular ba za ta lalace ba, kuma bayan wata shida idan ka dawo za ka iya karanta abin da ka rubuta da hannunka. Excel na karɓar fomula har mai haruffa 8,192, amma duk wadda ta wuce layi huɗu ko biyar gara a raba ta gida biyu.

Abin da gida ke nunawa daban, abin da layin fomula ke nunawa daban. Wanne zan ɗauka?

Na layin fomula. Gida ado ake yi masa: ana iya sa masa waƙafi, alamar naira, a rage lambobin bayan ɗigo, har ma a sa shi ya fito fayau kamar babu komai. Duk wannan bai taɓa abin da ke ciki ba, kuma da abin da ke ciki Excel ke lissafi.

Wata malamar firamare ta taɓa zuwa mini ranta a ɓace. Matsakaicin makin wani yaro ya nuna 40, makin cin jarrabawa 40 ne, amma gidan da ke gefe ya rubuta masa faɗuwa, uban yaron kuma ya zo da takarda a hannu yana neman bayani. Da muka ƙara lambobin bayan ɗigo sai ga 39.6. An saita gidan ne ya nuna cikakkiyar lamba, sai ya ɗaga ta zuwa 40 a ido kawai, ita kuwa fomular IF da 39.6 take aiki. Na ce mata, Malama, ba kwamfuta za ta yanke wannan hukunci ba, makaranta ce. Idan kun yarda a cike wa yaro, a naɗe lissafin da ROUND don abin da ake gani da abin da ake lissafawa su zama ɗaya. Idan ba ku yarda ba, a bar ɗigon ya fito kowa ya gani.

Lura da abu guda: idan lambar da hannu aka rubuta ta, layin fomula zai nuna maka ita cikakkiya. Idan kuwa fomula ce, fomular zai nuna, ba amsar ba. Don ganin cikakkiyar amsa, haskaka fomular a cikin layin ka danna F9, ka duba, sannan ka danna Esc. Kada ka danna Enter, domin zai maye gurbin fomular da lamba. A laftof da yawa sai ka haɗa da Fn kafin F9 ya yi aiki.

Na rubuta lambar waya sifilin farko ya gudu, wata lambar kuma ta koma wani abu mai E+.

Masu POS da sakatarorin ƙungiya su suka fi kawo wannan. Excel na ɗaukar 0803 da sauransu a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya farawa da sifili, sai ya jefar da shi. Duba layin fomula: can ma babu sifilin, wato da gaske ya tafi. Haka zai yi wa lambar asusun banki mai lamba 10 idan da sifili ta fara. Maganin shi ne ka fara da alamar ' kafin lambar, ko ka mayar da layin tsayen gaba ɗaya Text, wato rubutu ba adadi ba, kafin ka fara shigarwa. Alamar za ta fito a layin fomula, ba za ta fito a gida ba.

Shi kuwa E+ yana fitowa ne idan lamba ta kai 12 ko fiye. BVN da NIN masu lamba 11 ne, galibi suna tsira idan gidan na da faɗi. Idan ka ga E+, danna gidan, layin fomula zai nuna maka cikakkiyar lambar, ba ta ɓace ba. Inda ake asara shi ne abin da ya wuce lamba 15: Excel ba ya riƙe fiye da haka, sauran sifili yake mayar da su, kuma ba sa dawowa. Lamba mai 16 ko lambar shaidar tura kuɗi mai tsawo, idan ba a matsayin Text ka shigar da ita ba, ƙarshenta ya lalace ko da a layin fomula. Sai an sake rubutawa daga takardar asali.

Na canza yawan buhuna amma jimla ba ta motsa ba.

Danna gidan jimlar ka dubi sama. Idan ka ga =SUM da adireshin gidaje, fomula na nan. Idan lamba tsirara ka gani, wani ya rubuta a kan fomular ya kashe ta.

Wannan ya taɓa samun sakataren wata ƙungiyar manoman rani. Yana aiki layin fomula a ɓoye, wai shafin ya fi kyan gani. Wata rana jimlar kuɗin taki ta yi masa kamar ba daidai ba, ya buga a kalkuleta ya rubuta amsar da hannu. Daga ranar duk wanda ya biya, sunansa da kuɗinsa na shiga, jimla na tsaye wuri ɗaya. Sai ranar taro aka ga kuɗin hannu sun fi na takarda, aka fara kallon-kallo, alhali bawan Allah bai ci kwabon kowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutuncin mutum ne ya kusa zubewa a kan abin da kallo ɗaya zai tona.

Don duba shafi gaba ɗaya a lokaci guda, danna Ctrl da maɓallin ` da ke ƙarƙashin Esc, hagu da lamba 1, ko ka shiga Formulas ka danna Show Formulas. Duk gidan da ke da fomula zai nuna ta, wanda aka rubuta da hannu zai fito fili a tsakaninsu. Idan kuwa fomular na nan lafiya amma ba ta motsi, duba Calculation Options a ƙarƙashin Formulas, wataƙila an mayar da shi Manual. Mayar da shi Automatic.

Ina son in hana mutane ganin lissafina ko taɓa shi. Ɓoye layin ya isa?

Bai isa ba, saboda dalilin da na faɗa a tambayar fayil ɗaya da sauran fayiloli. Hanyar da ke bin fayil duk inda ya je mataki biyu ce. Da farko haskaka gidajen da ke da fomula, danna Ctrl da 1, shiga Protection, sa alama a Hidden. Sannan ka je Review ka danna Protect Sheet, ka sa kalmar sirri idan kana so. Ba tare da mataki na biyu ba, na farko ba ya yin komai, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka sun gama.

Kafin ka kulle, ka tuna cewa kowane gida a Excel yana zuwa da alamar Locked tun asali. Idan ka kulle shafin haka nan, babu inda yaron shagonka zai iya rubuta cinikin yau. Haskaka gidajen da ake shigar da bayani, Ctrl da 1, cire alamar Locked, sannan ka kulle.

Wannan kullewar tana hana kuskure da karambani, amma ba ta tsayar da wanda ya san kan kwamfuta kuma ya yi niyya. Idan lissafin ribarka ne ba ka son abokin ciniki ya gani, kada ka tura masa fayil mai fomula sam. Yi kwafi, ka manna da Paste Special, Values, ko ka fitar da shi PDF. A lissafin kuɗin jama'a kuwa, na ƙungiya ko na masallaci, ra'ayina shi ne a kulle kada a taɓa, amma a bar fomula a buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gida na nuna lamba, amma da na danna shi layin fomula babu komai.

An yi masa abin da na bayyana a amsar da ta gabata. Shiga Review: idan ka ga Unprotect Sheet, shafin a kulle yake, sai ka nemi kalmar sirri wurin mai fayil. Idan kuma fomular ta fito amma a dishe ba ta gyaruwa, a sabon Excel ne, irin 2021 ko Microsoft 365, inda fomula ɗaya ke zuba amsoshi a gidaje da yawa. Koma gidan farko na jerin, can ake gyara ta.

Ni kuma akasin haka ne: fomular ce ke fitowa a gida maimakon amsa.

Idan duk shafin ne, to Ctrl da ` ka danna bisa kuskure, sai ka sake dannawa. Idan gida ɗaya ne ko layi ɗaya, an mayar da shi Text, sau da yawa garin gyaran lambobin waya da muka yi magana a kai. Mayar da shi General, danna F2, sannan Enter. Duba kuma ko akwai tazara ko alamar ' kafin =, a layin fomula za ka gan su.

Idona ya yi rauni, Malam. Na ƙara girman shafi amma rubutun layin fomula bai ƙaru ba.

Alhaji, Zoom gidaje kawai yake ƙara wa girma. Rubutun layin fomula yana bin girman rubutun da aka saita wa Excel ne. Shiga File, Options, General, a sashen When creating new workbooks ka ɗaga Font size daga 11 zuwa 14 ko 16, ka rufe Excel ka sake buɗewa. Sabbin fayilolin da za ka ƙirƙira su ma da wannan girman za su fara. Idan duk rubutun kwamfutar ne ke ba ka wahala, gara a ƙara girman daga saitin Display na Windows.

Ba Excel nake amfani da shi ba. Yaya abin yake a sauran?

A Google Sheets: View, Show, Formula bar. Sai dai kariyar da ake sa wa shafi a can tana hana gyara ne kawai, duk wanda ka ba damar kallo zai ga fomula. A LibreOffice Calc, wanda kyauta ne: View, Formula Bar. Ɓoye fomula kuma yana Format, Cells, Cell Protection, Hide formula, sannan Tools, Protect Sheet. WPS ya bi fasalin Excel sosai, a ƙarƙashin View za ka nema. A waya ma layin na nan: taɓa gida ka nemi inda alamar fx take, a manhajar Google Sheets a ƙasan fuskar wayar yake fitowa. Duk wanda aka turo wa lissafi ta waya zai iya duba fomula kafin ya yarda da jimla.

Akwai wani fayil da duk na buɗe shi sai layin ya ɓace, ko na dawo da shi.

Dubi ƙarshen sunansa. Idan .xlsm ne ko tsohon .xls, akwai yiwuwar an sa masa makro, wato ɗan umarnin da ke aiki da kansa idan an buɗe. Masu haɗa manhajar sakamakon jarrabawa ko ta lissafin shago da Excel suna son ɓoye layin don abin ya yi kama da manhaja ta musamman. Umarnin da suke sawa shi ne Application.DisplayFormulaBar = False. Mai lura yana sa wani umarnin da zai dawo da layin idan an rufe fayil. Idan bai sa ba, ko wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu kafin a rufe, haka za a bar ka.

Rufe fayil ɗin, buɗe sabo, ka bi hanyar View da ke tambaya ta biyu. Idan maɓallan sama ma an kwashe su, danna Alt da F11, sannan Ctrl da G, a filin da ya buɗe a ƙasa ka rubuta Application.DisplayFormulaBar = True ka danna Enter. Idan kuma ba ka san wanda ya haɗa fayil ɗin ba, kada ka danna Enable Content da ke fitowa a rawayan layi a sama, domin makron da zai iya ɓoye maka layin fomula zai iya taɓa wasu fayilolin da ke kwamfutarka.